Saƙon Godiya Ga Jama'ar Fadamar Nguru Bayan Aikin Zoben Tsuntsaye Na Bana

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mu masu aikin sanya wa ƙananan tsuntsayen kachala zobe mai lamba a ƙafa mun naɗe ragarmu ta bana lafiya, alhamdu lillahi. Godiya ta farko ga iyayen ƙasa, Lawanai da Bulamai, Allah ya ja zamaninku, da kuka ba mu izini, kuka kuma sa aka yi shela kada kowa ya tuge turakun da muka kafa. Sai Sarkin ruwa da masunta da suka riƙa tsallakar da mu a kwale-kwale tun kafin assalatu, da makiyayan da suka karkatar da hanyar mashaya don kada shanu su bi ta kan raga. Allah ya saka da alheri.

Mutane da dama sun tambayi dalilin da ya sa muka nace sai wurin bara, alhali ga wurare masu tsuntsaye fiye da shi. Ga bayani.

Tsuntsayen nan baƙi ne. A Turai suke ƙwai, su tsallako Sahara su ci hunturu a nan. Biyu muka fi bi: mai farar gira, wanda masana ke kira Acrocephalus schoenobaenus, nauyinsa bai wuce giram 11 zuwa 13 ba, amma yakan kusa ninka haka da kitse kafin ya juya gida, da babban, Acrocephalus arundinaceus, mai kimanin giram 30. Abin da muke son sani shi ne ko wanda ya sauka a wannan kachalar bara nan zai dawo, ko kuwa wani wurin zai nufa. Idan tsuntsu mai zobe bai sake faɗawa raga ba, ko ya mutu, ko ya sauya wuri, ko yana nan ya gane ragar yana kauce mata. In muka ƙara da matsar da ragar, to mun ɓata lissafin da kanmu. Shi ya sa turaku ɗaya, tsawon raga ɗaya, sa'o'i ɗaya, kowace shekara.

Babban ma yana da wani hali mai rikita mai ƙidaya. Na'urorin bin sawu da aka ɗaura wa irinsa a tafkin Kvismaren na Suwidin sun nuna wuri biyu yake zama a Afirka: ya fara yada zango a arewa bayan damina, in wurin ya bushe ya ƙara gaba kudu. Saboda haka rashin ganinsa a Janairu ba shaidar mutuwa ba ce.

Abin da aka daɗe da sani a wuraren ƙwansu shi ne, manyan da suka taɓa ƙyanƙyasa a wuri sun fi komawa can, 'ya'ya sun fi bazuwa, mata kuma sun fi maza yin nisa. A 2018 an ɗauko 'yan tsaki 50 na wani danginsu da ya kusa ƙarewa, Acrocephalus paludicola, daga Belarus aka raine su a fadamar Žuvintas ta Lituweniya. Da shekara ta zagayo, 11 suka dawo Lituweniya. Wato inda suka koyi tashi suka riƙe a matsayin gida, ba inda aka ƙyanƙyashe su ba. Ɓangaren namu na Afirka ne ke da ƙarancin bayani, kuma shi kuka taimaka ake cikewa.

Ga matasanmu da suka koyi aikin bana, madalla da ku, ku riƙe waɗannan. Raga mai tsawon mita 12, mai ido na milimita 16, a buɗe ta kafin gari ya waye, a zagaya ta duk minti 20 zuwa 30, a rufe da zarar rana ta fara zafi. Layin ƙasa na ragar ya ɗaga sosai daga ruwa, domin tsuntsaye biyu in suka faɗa aljihu ɗaya yakan sauka, na ƙasa ya nutse. Ranar da iskar hunturu ta taso kada a buɗe ko kaɗan: ragar takan kumbura, tsuntsu ya gan ta, wanda ya faɗa kuma zaren ya ɗaure masa fiffike. Jakar yadi ɗaya, tsuntsu ɗaya, a rataye a inuwa inda cinnaka ba za su hau ba. A auna fiffike da nauyi, a hura gashin ƙirji a duba kitsen da ke ƙarƙashin fata, a ba shi maki daga 0 zuwa 8. Inda aka fi yin ɓarna kuwa wajen karanta lamba ne. Zoben ƙarami ne ƙwarai, 3 da 8 sukan yi kama. Mai riƙe da tsuntsu ya karanta da ƙarfi, mai rubutu ya maimaita, sannan a saki. Lamba ɗaya in ta kauce, tsuntsun da ya yi tafiyar dubban kilomita ya zama ba a san shi ba.

Mun san kachala ba abokiyar kowa ba ce a nan. Tun da madatsun Tiga da Challawa suka sauya tafiyar ruwa, kachalar ta toshe hanyoyin kwale-kwale, ta cinye gonaki, ta zama maɓoyar jan-baki mai cin gero. Ba mu ce kada a yanke ba. Manoman da suka bar mana 'yar zirin da ragar ke ciki ba su sa mata wuta ba, sun yi mana abin da kuɗi ba zai saya ba.

Roƙonmu ɗaya: duk wanda ya tsinci tsuntsu mai zobe, a raye ko a mace, ya rubuta lambar da sunan garin da ke jikin zoben, kamar London ko Stockholm, da ranar da wurin, ya kai wa Bulama. In mai rai ne kada a cire zoben, a sake shi da abinsa. Iyaye a ja kunnen yara masu danƙo.

Za mu dawo in ruwa ya fara ja da baya, wajen Nuwamba, in Allah ya kai mu. Kafin nan don Allah a bar turakun inda suke.