Godiya Bayan Bitar Kallon Ƙwayar DNA Ɗaya-Ɗaya

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, bitar FRET (hanyar auna tazarar da ke tsakanin rini biyu masu ƙyalli ta yadda ɗaya ke miƙa wa ɗaya ƙarfin haske) na ƙwaya guda ta kammala lafiya, kuma mu masu shiryawa muna miƙa godiya ga duk wanda ya sa hannu.

Za mu fara da masu wanke gilashi, ko da yake ba su tsaya gaban allo ba. Gilashin da bai sha asiton da KOH (sinadarin wanki mai kaifi) mai ƙarfin mola 1 a injin girgiza ba, shi kansa ƙyalli yake yi, sai ɗalibi ya zauna yana ƙirga datti yana murna. Su ne suka shafa aminosilen, sinadarin da ke sa shimfiɗa ta manne wa gilashi, suka shimfiɗa PEG, wanda ke hana abubuwa mannewa barkatai, mai ɗan biyotin, kashi 1 zuwa 2 cikin 100, suka bar shi ya kwana a duhu da danshi. A kan wannan shimfiɗa neutravidin, furotin da ke kama biyotin, ke zama ya riƙe DNA. Da aka zuba samfuri fikomola 50, ɗigogin hasken ƙwayoyin suka fito a warwatse, kowanne da filinsa. Idan an cika hannu sukan haɗe, ba ka sanin ƙwaya ɗaya kake kallo ko uku. Sannunku da aiki, Allah ya saka da alheri.

Malamanmu kuma sun ɗauko bayani tun daga lissafin Theodor Förster na 1948 har zuwa 1996, lokacin da Taekjip Ha da abokan aikinsa suka auna FRET tsakanin rini biyu kacal. Leza mai nanomita 532 tana haska rinin Cy3, wanda ake nunawa da kore, shi kuma ya miƙa wa rinin Cy5, mai jan haske, ƙarfin idan suna kusa. A tazarar nanomita 5 zuwa 6 rabin ƙarfin ke wucewa; da sun ɗan ƙara nisa, sai ya faɗi warwas. Mun gode da kuka zaɓi mahaɗar Holliday, wato DNA mai rassa huɗu da ke jujjuya siffa, don gwaji, domin a nan ɗalibai suka ga kore ya hau, ja ya sauka, sannan su yi musaya, kuma da aka ƙara magnesiyom juyin ya lafa. Sun kuma ga shaidar ƙwaya guda: hasken yakan mutu ɗif a taki ɗaya.

Godiya ta musamman ga 'yar'uwarmu mai kula da ɗakin gwaji. Ranar da bayanan yamma suka ƙi dacewa da na safe, an yi ta zargin leza, ita kuwa takardar gwajin pH, wato ma'aunin tsami, ta ɗauko. Ashe gulukos oksides, sinadarin da ake sawa a ruwan samfuri don cinye oksijin, yana haifar da asid ɗin gulukonik, ruwan ya yi tsami tun da Tris ɗin, mai daidaita tsamin ruwan, bai da ƙarfi. Aka ɗaga shi zuwa milimola 50, aka koma haɗa ruwan sabo kafin kowace ɗauka, aka toshe ramukan gilashin. Ita ce kuma ta hana a manta da Trolox, sinadarin da ke daidaita hasken rini, milimola 2. In babu shi Cy5 yakan yi ƙifce, mai kallo ya ɗauka ƙwayar ce ta buɗe, alhali rini ne ya ɗauke na ɗan lokaci.

Ɗaliban da layi bai kai kansu ba, ku yi haƙuri, na'urar guda ce. Ragowar gilasan suna firiza a digiri −20 na Selsiyus, cikin bututu, a rufe babu iska. Wanda zai ɗauka ya bari bututun ya huce tukuna kafin ya buɗe, kada raɓa ta sauka a kan PEG ɗin.