Haiti: Ƙasar da Ake Naɗa wa Shugabanni Daga Waje

A watan Janairun 2023 wa'adin sanatoci goma na ƙarshe ya ƙare a Haiti da ke yankin Karibiyan, ƙasar ta wayi gari ba ta da zaɓaɓɓen wakili ko ɗaya a majalisa ko a fadar gwamnati. Gidajen rediyo sukan ba da labarin ne ta fuskar 'yan daba da suka mamaye mafi yawan Port-au-Prince, babban birnin ƙasar, kuma mai sauraro zai iya ɗauka cewa mutanen ƙasar ne suka kasa riƙe kansu. Haka na ji wani dattijo ya faɗa a rumfar mai shayi a kasuwar amfanin gona ta nan Gadarif a Sudan, muna jiran a buɗe cinikin riɗi. Na ce masa, "Baba, kafin a ce mutum bai iya tafiya ba, ai sai a duba ko an taɓa kwance masa mari."

Bayi ne suka kafa Haiti. Sun tayar wa Faransa a 1791, suka karya rundunar Napoleon, sannan Jean-Jacques Dessalines ya shelanta 'yanci ranar 1 ga Janairun 1804. A 1825 Sarkin Faransa Charles na Goma ya aiko da jiragen ruwan yaƙi, ya ce ba zai amince da 'yancin ba sai an biya faran miliyan 150 diyya ga iyayengijin da suka rasa gonaki da bayi. Daga baya an rage kuɗin zuwa miliyan 90, amma ƙasar ba ta da su, don haka ta ci bashi a bankunan Faransar domin ta biya Faransa, kuma ba ta fita daga jerin basussukan da suka biyo baya ba sai a 1947. Kuɗin da ya kamata su gina makarantu da hanyoyi sun shafe fiye da shekara ɗari suna tsallaka teku.

Amurka, wadda ba ta amince da Haiti a matsayin ƙasa ba sai a 1862, ta zo da nata salon. A Disambar 1914 sojojin ruwanta suka shiga babban bankin ƙasar, suka kwashe zinari na dala 500,000 zuwa New York, a 1915 kuma suka mamaye ƙasar baki ɗaya har zuwa 1934. Tsarin mulkin Dessalines ya hana Turawa mallakar fili, sai aka kawo sabo a 1918 wanda ya buɗe wa baƙi wannan ƙofa. An tilasta wa manoma aikin hanya ba lada. Da Charlemagne Péralte ya jagoranci turjiya, aka kashe shi a 1919, aka ɗaure gawarsa a jikin ƙyauren ƙofa a tsaye, aka ɗauki hoto aka rarraba wa jama'a don su karaya. Jikokin waɗanda suka baro Burmi a 1903, bayan Turawan Ingila sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru, suka zauna Mai Wurno a nan Sudan ba sa buƙatar a yi musu dogon sharhi a kan irin wannan.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ya faru bayan da mutanen suka samu damar jefa ƙuri'a. A Disambar 1990 sun zaɓi Jean-Bertrand Aristide da kusan kashi 67 cikin ɗari. Sojoji suka kifar da shi a Satumbar 1991, Amurka ta mayar da shi a 1994, amma da sharuɗɗa. A 1995 aka sauko da harajin shigo da shinkafa zuwa kashi 3 cikin ɗari, shinkafar Amurka mai tallafin gwamnati ta cika kasuwa, manoman kwarin Artibonite suka rasa mai sayen tasu, da yawansu suka bar gona suka tare a unguwannin talakawa na babban birnin. Duk manomin dawa a nan ya san abin da zai same shi idan aka jibge hatsi mai araha a kasuwa ranar da ya kawo nasa. Bill Clinton, shugaban Amurka na wancan lokacin, da kansa ya amsa a 2010 cewa manufar kuskure ce, sai dai amsa laifin bai mayar da kowa gonarsa ba.

A 2003 Aristide, a wa'adinsa na biyu, ya nemi Faransa ta dawo da kimanin dala biliyan 21 a madadin diyyar 1825. Ranar 29 ga Fabrairun 2004 jirgin Amurka ya ɗauke shi zuwa Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Shi ya ce sace shi aka yi, Amurka ta ce murabus ya yi don kansa. Ba na cewa mulkinsa ba shi da aibu, yana da shi, amma hukunta shi haƙƙin masu zaɓe ne. Rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya da ta biyo baya ta zauna har 2017, kuma daga sansanin sojojinta na Nepal ne kwalara ta shiga kogin Artibonite a Oktobar 2010, ta kashe mutum kusan 10,000. Sai a Disambar 2016 Ban Ki-moon, babban sakataren Majalisar na lokacin, ya nemi afuwa.

A zaɓen Nuwambar 2010, wanda aka hana jam'iyyar Aristide shiga, tawagar Ƙungiyar Ƙasashen Nahiyar Amurka ta sa aka sauya sakamakon zagayen farko, aka cire Jude Célestin aka sa Michel Martelly, wanda ya zama shugaba. Da aka kashe Shugaba Jovenel Moïse a gidansa ranar 7 ga Yulin 2021, sanarwar jakadun ƙasashen waje ce ta raba gardamar wanda zai gaje shi, ta nuna Ariel Henry, wanda ya karɓi ragama a matsayin firaminista. Wakilin Amurka na musamman, Daniel Foote, ya ajiye aiki a Satumbar 2021, yana sukar ɗabi'ar zaɓa wa Haiti shugaba daga waje.

Mu a Sudan mun ga yadda aka zauna a Jidda a Mayun 2023 don tattauna yaƙin ƙasarmu, masu bindiga a teburi, farar hula a waje, shi ya sa wani ɓangare na wannan labari bai zo mini da mamaki ba. A Agustan 2021 ƙungiyoyin manoma, ma'aikata, malaman addini da jam'iyyu na Haiti sun cimma yarjejeniyar Montana, tsarin riƙon ƙwarya da su da kansu suka tsara, amma manyan ƙasashe suka ci gaba da riƙe Henry har 'yan daba suka hana shi komawa gida daga wata tafiya ƙasar waje a 2024. 'Yan sandan Kenya sun sauka a Yunin 2024 don yaƙar 'yan dabar, alhali Haiti ba ta ƙera bindiga, kuma rahotannin Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa mafi yawan makaman da ke hannunsu daga Amurka ake fasa-ƙwaurinsu, musamman ta jihar Florida.