Neman mai ginin tukwane a karkarar Dawakin Tofa

Abin da ya fito da ni daga Kano da sassafe bai fi girman tulun yara ba: samfurin murfin fitila da na zana a kwamfuta, na fitar da shi da firinta mai gina siffa da zaren roba. Zanen Dagin Arewa ne na lanƙwasa ya zagaye jikinsa. Burina in hura gilashi ya ɗauki wannan siffa, amma robar tana narkewa a wajen digiri 200, narkakkiyar kwalba kuwa sai ta haura digiri 1,000 kafin ta huru. Dole sai an sami mazubin yumɓu a tsakaninsu, wato a kwafi siffar samfurin a jikin yumɓu, sannan a hura gilashin a cikinsa.

Muka bi titin Katsina, muka ratsa Dawanau inda tireloli ke lodin riɗi da wake, ƙura ta turnuƙe. Daga Dawakin Tofa ɗan acaɓa ya ɗauke ni, muka kutsa cikin gonakin da aka gama girbe dawa, har wani ƙauye da aka kwatanta mini.

Na tarar da dattijon mai ginin tukwane a gindin darbejiya yana dakan tsingaro a turmi. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa samfurin. Ya daɗe yana jujjuya shi, yana bin layukan da farce.

"Ɗan nan, wa ya sassaƙa wannan?"

"Baba, inji ne."

Bai yi mamaki ba ko kaɗan. Ya sa babban yatsa a wani lungu na dagin ya ce nan yumɓu zai riƙe, ba zai saki ba, sai an raba mazubin gida biyu. Ya kuma ce in koma in ƙara girman samfurin, domin yumɓu yana motsewa in ya bushe ya sha wuta. A aji an koya mana cewa raguwar takan kai kusan kashi 10 cikin 100. Shi da tafin hannu ya nuna mini.

Garin tsingaron nan shi ya fi ɗaukar hankalina. Yana cuɗa shi da ɗanyen yumɓu don kada tukunya ta tsage a wuta, kuma abin da mazubina yake bukata ke nan sa'ad da gilashi mai zafi ya taɓa shi. Na gaya masa iska za ta maƙale tsakanin gilashi da bangon mazubi in babu mafita. Ya karyo tsinken tsintsiya ya huda ƙananan ramuka a ƙarshen kowane layi, bai ce komai ba.

Muna cikin aiki na ba shi labarin Masaga na Bida, waɗanda suke narka fasassun kwalabe su yi awarwaro da duwatsun wuya. Abin yana damuna ƙwarai yadda mu ɗalibai muka fi sanin masu hura gilashi na Murano a Italiya fiye da su.

Da la'asar ya jera ɓangarorin biyu a inuwa, ya hana a kai su rana. Ya tambaye ni ko gilashin ma yana son a bi shi a hankali. Na ce sosai, bayan hurawa sai an ajiye shi a tanda mai zafin kusan digiri 500 ya huce sannu a hankali, in ba haka ba ya fashe. Muka yi da shi zan dawo da samfurin da aka ƙara wa girma kafin ranar da zai yi gashin tukwanensa.