Lahadin da na kai Kawu cocin Old North

Har yanzu in na tuna sai haushin kaina ya kama ni. Kwana biyu kacal Kawu zai yi a Boston, ni kuma na cika baki cewa zan kai shi cocin Old North da ke titin Salem. An gina shi a 1723, kuma a duk birnin babu cocin da ya kai shi daɗewa a tsaye. Labarin na haddace shi tsaf: daren 18 ga Afrilu 1775 aka ɗaga fitilu biyu a hasumiyarsa, alama ga masu neman 'yancin Amurka cewa sojojin Ingila ta ruwa za su bi. Ranar da zan kai shi ce ban duba ba.

Ni a ganina gidan tarihi ne kawai. Ashe har gobe mabiya Episkofal, wato 'yan Angilikan na Amurka, suna ibadarsu a ciki duk Lahadi. Muka iso da safe ana tsaka da sujada, masu kallo sai an tashi. Ga sanyi, ga Kawu cikin babbar riga ba kwat. Ya dube ni ya ce, "Kai yaro, ko a Kano wa ke zuwa kallon masallaci liman na kan mumbari?" Na rasa bakin magana.

Da aka bari muka shiga, lokaci ya ƙure, jirginsa da yamma ne. Zagayen kaburburan ƙarƙashin ginin, wanda don shi na fi ɗokin zuwa, haka ya wuce mu. Ƙararrawa takwas na cocin da aka ƙera a Ingila a 1744 ma ban samu sukunin ba shi labarinsu ba.

Kujerun ne suka tsayar da shi. Kowace kamar akwati take, da 'yar ƙofarta da farantin tagulla mai suna. A da, iyali ke sayen tasu, su shigo da ɗan kaskon garwashi don ɗumama ƙafa, bangon katakon ya riƙe zafin. Marasa hali da baƙar fata, har da bayi, can sama suke zama. Kawu ya daɗe yana kallon benen, sannan ya ce, "Wato har wurin ibada da sahun masu kuɗi."

In za ka je, ka zaɓi ranar aiki, ka kuma sayi tikitin kaburburan tun da wuri. Kawu dai har yau in ya kira ni, gaisuwarsa ta farko ita ce, "Ya sanyin Lahadi?"