Ginseng: Saiwar da Ke Shekara Shida a Ƙasa

Na daɗe ina ganin sunan ginseng a jikin kwalayen shayi da kofi da kwalaben ƙwayoyin ƙarin kuzari, kuma abin da ke damuna shi ne yadda ake sayen sunan ba tare da sanin tsiron ba. Ginseng ɗan gajeren tsiro ne da ke son inuwa da sanyi, mahaifarsa kuwa dazuzzukan duwatsun arewa maso gabashin ƙasar Sin da Koriya da gabashin Rasha. Sinawa na kiransa renshen, wato saiwar mutum, domin saiwar kan rabu biyu kamar ƙafafuwa. Masana tsirrai sun raɗa masa suna Panax, daga kalmar Girkanci mai nufin maganin komai, kuma a ganina wannan suna ya ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa.

Nomansa aikin haƙuri ne. A yankin Geumsan na Koriya ta Kudu da lardin Jilin na ƙasar Sin, manomi kan kafa rumfa a kan gonar domin kare ganyen daga rana, sannan ya jira shekara huɗu zuwa shida kafin ya tona. Idan aka busar da saiwar kawai, ana samun farin ginseng. Idan kuwa aka turara ta kafin a busar, sai ta yi ja ta yi tauri, ita ce Koriyawa ke kira hongsam, kuma ta fi tsada. Akwai kuma ɗan'uwansa na Arewacin Amurka, wanda wani limamin Katolika ɗan Faransa mai suna Lafitau ya gano kusa da birnin Montreal na ƙasar Kanada a 1716, har jirgin ruwan kasuwanci na farko da Amurka ta tura ƙasar Sin a 1784 ya tafi ɗauke da shi.

Sinadaran da ake danganta aikinsa da su ana kiransu ginsenosides, kuma inda hujja ta fi ƙarfi shi ne batun gajiya da kasala. A wani bincike da asibitin Mayo na Amurka ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2013, an ba masu ciwon daji miligiram 2,000 na ginseng ɗin jihar Wisconsin kullum har mako takwas, gajiyarsu kuma ta ragu fiye da ta waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a ciki. Wanda ya taɓa jinyar mai irin wannan ciwo ya san cewa samun ƙarfin tashi a yi alwala ba ƙaramin abu ba ne. Hukumar tantance magungunan gargajiya ta Jamus ma ta amince da shi domin mai fama da kasala ko wanda ke murmurewa daga ciwo, amma ta ba da shawarar kada a wuce wata uku ana sha. Yana ɗan rage sukarin jini bayan cin abinci, kuma wasu ƙananan bincike sun nuna jan ginseng na ɗan taimaka wa mazan da ke da rauni wajen iyali, sai dai taimakon bai kai abin da masu talla ke faɗa ba.

Masu gidaje sun saba yanka shi siriri a jiƙa a ruwan zafi, ko a tsoma cikin zuma. Koriyawa kuma suna da farfesun kaza mai suna samgyetang, wanda ake cusa wa kazar shinkafa da tafarnuwa da saiwar, a sha a tsakiyar zafin bazara.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne haɗarin haɗa shi da maganin asibiti. Mai shan warfarin domin hana daskarewar jini ya sani ginseng na iya rage ƙarfin maganin, mai allurar insulin kuwa sukarinsa na iya sauka fiye da kima. Yana hana wasu barci, shi ya sa aka fi so a sha da safe, kuma mai ciki da mai shayarwa da yara su bar shi. Sannan ba duk mai sunan ne ginseng ba: wanda ake kira na Saiberiya wani tsiro ne daban, haka ma ashwagandha da ake cewa na Indiya. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sha samun sildenafil, wato sinadarin da ke cikin ƙwayar Viagra, a ɓoye cikin kofin ƙarfin maza da ake tallatawa a matsayin na itatuwa zalla, wanda kan iya jefa mai shan maganin zuciya cikin mummunan hali. Ni dai kafin in saya, nakan duba ko an rubuta Panax a jikin kwalin, da lambar NAFDAC.