Abin dasa faraima: sai da na yi ta lalube kafin na tsaya a kan biyu

Ranar da harsashi uku cikin hamsin da na ɗura da kaina suka ƙi tashi a bugun farko, bindigar na fara zargi. Na ja kunama, na ji ƙas, shiru. Na dakata kamar rabin minti, bakin bindiga na kallon gaba, sannan na sake bugawa, sai ga shi ya tashi. Wani dattijo da muke haɗuwa a filin harbi, wanda ya daɗe yana ɗura harsashinsa da kansa, ya karɓi ragowar ya jera su a tsaye kan tebur. Biyu suka kama rawa kamar kujera mai gajeriyar ƙafa. Ya shafa gindinsu da ɗan yatsa, ya ce, "Yaro, ai ba ka zaunar da faraima ba, ɗora ta kawai ka yi."

Na ce, "Baba, ai ta shiga."

Ya ce, "Shiga daban, zama daban."

Faraima ita ce 'yar hular ƙarfen nan da ke zaune cikin gurbi a tsakiyar gindin kwanso, wato ɓawon tagulla na harsashi. A cikinta akwai ɗan sinadari mai kamawa da bugu, sai wata 'yar uwar maƙera mai ƙafafu. Allurar bindiga tana dukan hular, sinadarin ya matsu tsakanin hula da maƙera, wuta ta bi ta ɗan rami ta kama albarushi. To idan ƙafafun maƙerar ba su taɓa ƙasan gurbi ba, bugun farko tura faraimar ciki kawai zai yi, na biyu ne zai tayar da ita. Abin da ya same ni ke nan. Yadda ake so, ta kai ƙasa ta zauna daram, fuskarta ta ɗan nutse ƙasa da gindin kwanso, kamar 0.003 zuwa 0.005 na inci. Wadda ta leƙo waje kuwa ba ƙin tashi kaɗai take jawowa ba: tana iya hana gangar libarba juyawa, a bindiga mai ɗura kanta kuma tana iya tashi tun ƙofa ba ta gama rufewa ba.

A lokacin, da ɗan hannun da ya zo manne da injin matse kwanso nake dasa faraima. Ban sayi komai ba, shi ya sa na so shi. Amma an ƙera injin ne don ya matse tagulla da ƙarfin gaske, doguwar libarsa tana ninka ƙarfin hannu sau da yawa. Da irin wannan ƙarfi, ni dai ban iya bambance faraimar da ta kai ƙasa da wadda ta tsaya a hanya ba. Bayan maganar dattijon sai na koma dannawa da zuciya, na fara fito da su a baje, wasu har da shatin ƙarfe a fuska. An gudu ba a tsira ba. Akwai masu yin aiki mai kyau da wannan hannun shekara da shekaru, ban musa ba. Nawa hannun ne bai ji ba.

Sai na sayi abin dasa faraima na hannu, mai faranti. Ana juye faraima ɗari daga kwalinta cikin farantin, a ɗan girgiza shi, 'yan layukan da ke ƙasansa su kife su duka fuska ɗaya, a rufe murfi. A sa kwanso a mariƙi, a matsa. Daren farko na gane abin da ake nufi da zama. Da fari akwai ɗan tauri yayin da take kutsawa bakin gurbi, sai santsi, sai kuma wata tsayawa mai laushi da ke cewa ya isa. Wannan tsayawar ita ce duk abin da nake nema. Kuma hannun da ke jin ta shi ne ke jin kishiyarta: kwanson da faraima ta faɗa masa ba wani tauri, gurbinsa ya buɗe, ya gama aiki, sai kwandon shara.

Abin da ban tambaya ba kafin saye shi ne batun mariƙin kwanso. Na kamfanin Lee yana da nasa mariƙan na musamman, waɗanda ba su ne na injin matsi ba. Wasu kamfanonin suna karɓar mariƙin injin, amma fa idan guda ɗaya gare ka za ka yi ta cirewa kana mayarwa. Kamfanin RCBS na da wani mai haƙora biyu masu sifirin da ke kama kwanso kusan kowane iri ba tare da mariƙi ba. Mai ɗura iri ɗaya ko biyu, wannan ba zai dame shi ba. Mai iri shida, shi ne farkon abin dubawa.

Faraima kuma girma biyu ce, ƙarama mai faɗin 0.175 na inci da babba mai 0.210, kowacce da sandar turinta. Na san wannan sarai, amma ban san kwanson harsashin da ake kira .45 ACP yana zuwa da gurbi iri biyu ba, sai da na tsinci kaina ina ƙoƙarin cusa babba a ƙaramin gurbi. Allah ya sa na tsaya.

Wata rana ban tsaya ba. Na samo kwansunan harsashin 5.56 irin na soja, waɗanda ake danne bakin gurbinsu tun daga masana'anta don kada faraima ta fice. Wannan dannin sai an kankare shi ko an buɗe shi kafin sabuwa ta shiga. Na yi wa yawancinsu, ɗaya ya kuɓuce mini. Na matsa, ta ƙi. Maimakon in duba, sai na haɗa hannu biyu. Tau! Kunnena ya yi ta ƙara har bayan sallar isha. Guda ɗaya ce ta tashi, sauran na farantin ba su kama ba, bakin kwanson kuma yana kallon bango, tabarau na idona. Laifina ne, ba na ƙarfen ba. Tun ranar ba na zuba fiye da abin da zan yi aiki da shi, ba na leƙa bakin kwanso, gwangwanin albarushi kuma ba ya kan tebur sa'ad da nake dasa faraima. Harsashin da aka riga aka ɗura kuwa, in na ga faraimarsa ta leƙo, ba na ƙara danna ta. Warware shi nake yi.

Wani abin dariya, tsarin da muke iya sake ɗurawa cikin sauƙi, mai rami ɗaya a tsakiya, na Edward Boxer ne, Bature ɗan Ingila, amma a Amurka ya yi kasuwa. Na Ba'amurke Hiram Berdan, mai maƙera a tsakiyar jikin kwanso da ramuka a gefenta, shi ya bazu a Turai. Na karya tsinken cire faraima a kan na Berdan kafin na koyi haska tocila cikin kwanso in ƙirga ramuka.

Aibin na hannu ɗaya ne, gajiya. In na wuce ɗari biyu sai gindin babban yatsa ya fara zugi, kuma hannun da ya gaji ba ya jin komai, danna kawai yake yi. Wanda ake matsawa da tafin hannu gaba ɗaya ya fi na babban yatsa sauƙi, amma shi ma yana da iyaka. Don haka na ɗaure na tebur, mai gajeriyar liba. Ƙarfinsa bai kai na injin matsi ba, saboda haka tsayawar nan tana isowa hannu, ga shi ba zugi. Abin da ban so ba shi ne bututun da faraimomi ke jere ɗaya kan ɗaya, domin in ɗaya ta tashi tana iya jan sauran. Ina cika shi rabi, ina goge ƙurar cikinsa lokaci lokaci.

Na kuma ari irin na kamfanonin Sinclair da K&M, waɗanda ake sa wa faraima ɗaya ɗaya da yatsa. Ƙira ce mai kyau, ji a hannu kuwa ba a magana. Masu gasar harbin nesa suna da hujjar sonsu. Ni dai a kan takardar da nake harbi daga mita 100 ban ga bambancin da zai sa in yi awa guda kan kwanso hamsin ba, na mayar wa mai shi da godiya.

Yanzu na tebur ke yin na ƙaramar bindiga, masu yawa. Na hannu ke yin na doguwa, ashirin ko talatin a zama ɗaya. Kowane kwanso in ya fito sai na shafa gindinsa da ɗan yatsa, in tsayar da shi kan wani ɓallin gilashi da na ajiye a gefe. Wanda ya yi rawa, ya koma mariƙi tun bai ga albarushi ba.