Kofur Mai Ɗaukar Majiyyata

Asabar, bayan isha'i.

Da asuba na sauko daga aikin dare. Na kwanta, barci ya ƙi zuwa, ga zafi ga babu wuta, sai na jawo littafin da abokiyar aikina ta ɗakin gaggawa ta ara mini. 'Yar Katolika ce. Da za ta ba ni cewa ta yi, "Malam, karanta wannan, ɗan'uwanka ne a sana'a." Tarihin wani Fada ne Bafaranshe, Pierre Teilhard de Chardin, na ƙungiyar Jesuit. Ban ajiye shi ba sai da aka kira azahar.

An haife shi a 1881 a yankin Auvergne na Faransa. Tun yana yaro yake tara guntayen ƙarfe, da ya ga tsatsa na cin su sai ya koma tara duwatsu, kuma a kan duwatsun ya ƙare rayuwarsa. Ya koyar da kimiyya a makarantar mishan a Alkahira daga 1905 zuwa 1908, aka naɗa shi Fada a 1911. Duk wannan da sauri na wuce shi. Inda na tsaya shi ne Disambar 1914, lokacin da aka kira shi soja a Yaƙin Duniya na Farko.

Bai riƙe bindiga ba. Gadon ɗaukar majiyyata aka ba shi, a wata runduna da ke cike da Musulmin Arewacin Afirka. Da shi aka yi gumurzun Ypres a 1915, da Verdun a 1916, da Chemin des Dames a 1917, inda sojojin Afirka ta Yamma da Faransa ta kwasa suka mutu da yawan gaske. Aikinsa shi ne ya fita daga rami, igwa na sauka, ya jawo wanda ƙafarsa ta tsinke ko cikinsa ya fashe, ya kai shi wurin likita. Ni da nake tura gado a kan siminti, ƙarƙashin fitila, na san nauyin mutumin da ya sume. Shi kuwa cikin taɓo yake yi, da duhu, ana harbi. An so a ɗaga shi ya zama limamin soja mai muƙamin hafsa, ya ce a bar shi a kofur ɗinsa, ya fi amfani a cikin ƙananan sojoji. Su kuma Musulmin rundunar suka riƙa kiransa Sidi Marabout, wato malami mai albarka, don sun ga harsashi ba ya samunsa kuma ba ya gudun mai rauni. Ya fito daga yaƙin ko ƙwarzane babu, da lambobin yabo, amma 'yan'uwansa biyu na jini can suka kwanta.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne a cikin ramukan nan ya fara rubuta tunaninsa a kan addini da halitta. Maƙalarsa ta farko a kan haka ta 1916 ce, kuma yana aika wasiƙu ga 'yar'uwarsa Marguerite. A 1917 ya rubuta wata a kan kewar fagen daga, yana cewa a can mutum ke jin ya fita daga ƙuncin kansa ya shiga wani abu da ya fi shi girma. Nan kam raina bai kwanta ba. Na sha wanke jinin yaran da aka kawo mana bayan an kai hari ƙauyensu, ban taɓa ganin abin kewa a ciki ba. Sai dai ba zan iya ce masa bai san abin da yake faɗa ba, tunda gawarwakin da ya ɗauka da hannunsa sun fi waɗanda na gani. Na rufe littafin, na yi salla, na ci abinci, zancen bai bar ni ba.

Da la'asar na leƙa wurin Inna na duba mata hawan jini, alhamdulillahi ya sauka. Na dawo na ci gaba.

A 1923 ya tafi ƙasar Sin wurin wani Fada, Émile Licent, suka shiga hamadar Ordos suna tonon ƙasusuwan dabbobin da suka shuɗe da kayan aikin mutanen farko. Yana cikin masanan da suka yi aiki a Zhoukoudian, kusa da birnin Peking (Beijing), inda Pei Wenzhong ya tono ƙoƙon kan da ake kira Mutumin Peking a 1929. Yaƙin Duniya na Biyu ya rutsa da shi a Peking, birnin yana hannun Japan, bai samu komawa gida ba sai 1946. A 1941 ƙasusuwan Mutumin Peking suka ɓace a hanyar fitar da su daga ƙasar, har yau ba a gan su ba. A tsakanin 1938 da 1940 ya rubuta babban littafinsa, Le Phénomène humain, inda yake cewa halitta duka tafiya take yi, daga ƙasa zuwa rai, daga rai zuwa tunani, har ta tattaru wurin Ubangiji. Ni Musulmi ne, akwai wurare da dama da hanyarmu ta rabu da shi, kuma masana kimiyya ma wasunsu sun soke shi sosai.

Shugabanninsa a Rum suka hana shi bugawa, suka hana shi karɓar kujerar farfesa a Collège de France, babbar cibiyar ilimi a Paris, a 1948. Ya yi biyayya, bai fita daga ƙungiyar ba, bai kuma janye tunaninsa ba. Ya rasu a New York ranar Ista, 10 ga Afrilu 1955, mutane kaɗan ne suka halarci jana'izarsa. Bayan mutuwarsa sakatariyarsa Jeanne Mortier ta fitar da rubuce-rubucen.

Bayan magariba na kira abokiyar aikin nawa na ce, "Sista, mutumin nan naki ya burge ni, amma batun kewar yaƙin nan fa?" Ta ce ita ma ya dame ta, sai dai a ganinta ba kisan yake kewa ba, zaman da mutane ke yi a can ne, kowa ya manta da ƙabilarsa da addininsa don ya ceci na kusa da shi. Na ce ko da hakan ne, kuɗin ya yi yawa. Ba mu daidaita ba, katina ya ƙare. Ta yi alkawarin nemo mini wasiƙun nasa na yaƙi a ɗakin karatun cocinsu, don ina so in ga abin da ya rubuta a makon da labarin mutuwar ƙaninsa ya iske shi.